Wa ya zuba kifi a kududdufi?

A watan Afrilu kududdufan ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure, sun bushe ƙurmus. Ƙasa ta tsattsage, shanu sun tattake ta, magina sun ɗebi ta tubali. Agusta na yi, sai ga yara da ƙwarya suna kamun kifi a wurin. Babu kogi kusa, babu wanda ya zuba.

Wasu sun ce ruwan sama ke sauko da su. To me ya hana a tsince su cikin randar da aka tara a bakin indararo?

Tarwaɗa kam an san halinta. Tana shaƙar iska, tana jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan ruwa zuwa wancan. Gaiwa kuwa ba ta zuwa ko'ina: laka take shiga, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har damina ta dawo.

Saura wani ɗan mitsitsi da ke cikin tafkunan damina na wannan shiyya, wanda bai kai tsawon yatsa ba, namijinsa da ɗigo-ɗigon ja. Ba ya jan ciki, ba ya shiga laka, ruwa na ƙafewa ya mutu. A 1928 Bajamushe Ernst Ahl ya bayyana shi daga Kogin Kiyawa, wajen Katagum, shi ya sa masana ke kiransa Pronothobranchius kiyawensis.

Asirin yana ƙarƙashin kofaton shanun nan. Kafin tafki ya ƙafe, macen ta riga ta binne ƙwai a laka. Ɗan tayin da ke ciki sai ya tsayar da girmansa cak, wata da watanni, bai mutu ba, bai ci gaba ba. Ruwa na kwanciya ya ƙyanƙyashe, cikin 'yan makonni ya isa haihuwa. Ba kuma duka ƙwan ke fashewa a ruwan farko ba, don haka ko damina ta yi gardama, iri bai ƙare ba.

Ga mai son fara kiwon wannan dangi, da ake kira killifish, a akwatin gilashi, ban ba shi shawarar farawa da na Kiyawa ba. Ransa gajere ne, kuma sai ka kwaikwayi rani da kanka, ka adana ƙwai a ɗanyar ƙasa. Ya fi sauƙi ka nemi Fundulopanchax gardneri, ɗan yankin Binuwai da Kuros Riba. Yana kai shekara biyu, ƙwansa na fashewa cikin ruwa a mako biyu zuwa uku, tsutsar sauro kuma ta ishe shi abinci. Matsalarsa a Daura zafin bazara ce, sai a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi. A kuma rufe akwatin ruf, don gwanin tsalle ne.