Yadda Za A Kare Wake Daga Ƙwari Ba Tare Da Guba Ba

Duk shekara masu ƙananan gonaki, har da ma'aikatan da ke ɗan taɓa noma domin abincin gida, kan koka cewa waken da suka adana da kaka ya zama gari kafin bazara. Dalili kuwa shi ne, tun daga gona ƙwaron wake ke biyo amfanin. Yakan yi ƙwai a jikin waken, tsutsar ta huda ta shiga tana ci, cikin kimanin wata guda ta fito ta zama ƙwaro, ta sake yin wasu ƙwan.

Gudun wannan asara ke sa wasu zuba fiya-fiya a cikin buhu, ko su jefa ƙwayar fostoksin su ajiye buhun a ɗakin kwana. Wannan ganganci ne. Iskar da ƙwayar ke fitarwa tana kashe mutum a rufaffen ɗaki, ragowar fiya-fiya kuma tana bin wake har cikin tukunya. Saboda irin wannan guba ce Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a shekarar 2015.

Hanya mafi aminci ita ce a hana ƙwaron iska. Da farko a sheƙe wake, a shanya shi a kan tamfol har ya bushe ƙayau. Bayan ya huce, a zuba shi a buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Buhun yana da leda biyu masu kauri a ciki. A tabbatar babu huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kana a ɗaure buhun waje. Wanda bai samu ba, ya cika jarka ko duro mai tsabta har baki, ya rufe gam.

A ɗora buhunan a kan katako nesa da bango saboda ɓera, domin huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Kada kuma a riƙa buɗewa. A ware na cin yau da gobe daban.

Ana kira ga hakimai, dagatai da masu unguwanni da su isar da wannan saƙo ga jama'arsu. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukumarsa.