Gargaɗi Ga Wanda Aka Sake Wa Kwamfutarsa Babban Allo

Duk wanda ya saba bi ta Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse II, Abuja, musamman da farkon damina, lokacin da tsawa da hawa da saukar wutar lantarki suke yi wa na'urori ɓarna, ba zai rasa ganin ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa ba, kowa rungume da kwamfutarsa yana jiran hukuncin mai gyara. Hukuncin da aka fi tsoro shi ne a ce babban allo ya ƙone, wato madabod, wanda kowane sashe na na'urar yake dashe a jikinsa. Mutum ya daure ya biya kuɗin wani allon, galibi na hannu, wanda aka ciro daga wata kwamfutar tokumbo ko aka aiko da shi daga kasuwar Ikeja a Legas. Aka ɗaura, aka kunna, fanka ta juya, fitila ta kama, amma Windows ta ƙi tashi. A nan ne za ka ji mai gyara ya ce, "Yallaɓai, sai dai a yi fomatin," mai kaya kuwa, saboda gajiya da ƙarancin sani, sai ya ce a yi, alhali da wannan izini ya salwantar da aikin shekaru.

Abin da ya wajaba a fara fahimta shi ne, takardu da hotuna da ita kanta Windows ba a cikin allo suke zaune ba, suna cikin faifan ajiya ne, kuma mutuwar allo ba kasafai take taɓa faifan ba, in ban da wasu siraran kwamfutoci, irin na Apple na shekarun nan, waɗanda aka liƙe ma'ajiyarsu da dalma a jikin allon. Misalin al'amarin kamar sabon akawu ne da aka kawo rajistar wata ma'aikata: fayiloli suna nan a kantocinsu, shi ne dai bai san tsarin da na gabansa ya bi ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a ƙone fayiloli don akawu baƙo ne.

Mafi sauƙin illolin sake allo ita ce sabon allon bai san ta inda zai fara ba. Jerin wuraren da kwamfuta ke duba don ta tashi, a cikin wata 'yar ma'ajiya ta allon yake rubuce, saboda haka ya tafi tare da tsohon. Shi ya sa ake ganin "No bootable device" ko makamancinsa. Maganin shi ne a shiga saitin BIOS daidai lokacin kunnawa, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, a tabbata allon ya ga faifan, sa'an nan a sa Windows Boot Manager a kan gaba. Tun da an shigo, a duba kwanan wata da agogo, domin allon da ya daɗe a ajiye sau da yawa ɗan batirinsa, galibi mai lamba CR2032, ya riga ya mutu.

In hakan bai wadatar ba, to wataƙila saɓanin na tsari ne. Hanyar rarraba faifai ta dā, MBR, tun 1983 take, ba ta iya sarrafa abin da ya wuce terabayit 2, kuma da tsohon salon tashi, Legacy, take tafiya. Sabuwar kuwa, GPT, abokiyar UEFI ce. Windows da aka ɗora bisa ɗaya ba ta tashi bisa ɗayan, don haka sai a juya saitin allo ya dace da faifai, kada a juya faifai don ya dace da allo. Haka nan mas'alar shuɗin fuska mai ɗauke da "INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE", wadda a ganina ta fi kowace jawo fomatin na banza, domin tana da ban tsoro alhali sababinta ƙarami ne. Windows tana magana da faifai ta hanyar wani direba da ta saba da shi. Idan tsohon allo yana kan saitin faifai na RAID, kamar yadda kwamfutocin Dell da yawa suke fitowa daga masana'anta, sabon kuma ya zo a kan AHCI, ko akasin haka, to sai ta miƙa hannu ta rasa faifan da ita kanta take zaune a ciki. Sauya wannan layi guda a BIOS, aikin da bai kai minti biyu ba, ya isa ya tashe ta. Sai bayan duk wannan ya faskara ake kawo filas mai gigabayit 8 ɗauke da Windows, a zaɓi gyaran tashi maimakon sabon ɗori, ko mai gyara ya sake rubuta fayilolin tashi da umarnin bcdboot. Sharaɗi dai a fara kwafe abin da ke cikin faifan zuwa wani wuri, domin a baƙar fuskar da ake rubuta umarni a kanta kuskuren harafi ɗaya yana iya share rumbu sukutum.

Amma babbar musiba, wadda ta sa na ga wajibi ne a yi wannan faɗakarwa, ita ce ta BitLocker. Wannan kulle ne da Microsoft ta shigo da shi tun zamanin Windows Vista, yana rikita duk abin da ke cikin faifai ta yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba, mabuɗinsa kuwa yana danƙe a wani sashe na allo mai suna TPM. Da zarar an sake allo, faifan ba zai buɗe ba sai an shigar da lambar ceto mai alƙaluma 48. Mutane da yawa ba su ma san an kulle musu ba, domin sababbin kwamfutoci kan kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma tun fitowar Windows 11 a watan Oktoba na 2021 TPM ya zama sharaɗi. Lambar tana ajiye a cikin asusun da aka fara saita na'urar da shi, ana iya duba ta ko da wayar hannu. In kwamfutar ofis ce, a tambayi sashen kula da kwamfutoci na ma'aikatar. Inda gizo ke saƙa shi ne al'adar nan tamu ta barin yaron shago ya saita sabuwar kwamfuta da imel ɗinsa, ko da wani da ya ƙirƙira nan take ya manta, domin a wannan hali lambar tana hannun wanda ba za ka sake gani ba, kuma babu injiniya a Abuja ko a Amurka da zai buɗe faifan ba tare da ita ba, ita kanta Microsoft ba ta iya sake ƙirƙiro ta. Saboda haka wanda kwamfutarsa ke da rai yau, ya nemo lambar nan ya rubuta a takarda. Wanda kuma allonsa ya fara ciwo amma yana tashi, ya dakatar da BitLocker kafin a kwance shi.

Malaman mazhabar Malikiyya, har da mai Risala, sun hukunta cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa idan suka salwanta a hannunsa, kuma ya kyautu masu gyaranmu su san nauyin wannan amana. Sai dai ramuwar kuɗi ba ta maido da kundin digiri ko lissafin shago. Mai kaya ya faɗa da bakinsa tun farko, "Injiniya, kada a goge kome sai na zo," in ya samu hali ma ya ce a cire faifan a ba shi ya tafi da shi gida har a gama ɗaura allo.

Saura batun lasisi. Windows tana ɗaukar sabon allo tamkar sabuwar kwamfuta, don haka takan ce ba a kunna lasisinta ba. Wanda ya haɗa lasisinsa da asusun Microsoft yana iya gwada maido da shi ta cikin saitin kunnawa, inda ake shaida mata cewa an sake kayan na'ura. Allon HP ko Dell na hannu kuwa, daga zamanin Windows 8 zuwa yau, yakan zo da nasa lasisin rubuce a cikinsa. A guji manhajojin fasa lasisi da ake yawo da su a filas, domin ta nan ɓarayin bayanai ke shiga. Kuma kafin a biya kuɗin allo a tambayi shekarun na'urar, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar mafi yawan injinan Intel da suka girmi zubi na takwas. In kwamfutarka ta girme shi, ta yiwu kuɗin allon ya fi amfani a matsayin kafin alƙalamin wata.