Rabon gado: a fara fitar da amana

Mu ƴan kasuwa mun san dukiyarmu ba ta kwana wuri ɗaya. Buhunan wake suna ajiye a wajen amini a Maraɗi, shanu suna wajen makiyayi, kuɗin saro kaya suna hannun yaron shago da ya tafi Kano. Ranar da mahaifi ya cika, sai a tarar babu takarda, babu shaida. Nan ne zumunci yake fara tsagewa.

Amana fuska biyu gare ta: abin mamaci da ke hannun mutane, da abin mutane da ke hannun mamaci. In uwar adashi ta rasu, kuɗin zubi da aka samu cikin akwatinta ba gado ba ne, na masu zubi ne. A mayar musu tukuna.

Malamanmu na Malikiyya sun tsara abin daki-daki: hidimar jana'iza, sai biyan bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan rabo. Misali, jika 800 suka rage, mamaci ya bar mata ɗaya, ɗiya maza 3 da mace 1, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumuni, jika 100. Kowane namiji jika 200, ɗiya mace jika 100.

A nan Nijar, kotu tana bin al'adar mamaci a sha'anin gado. Amma banki ba ya sakin ko dala sai da takardu: takardar mutuwa daga ma'aikatar magajin gari, takardar shaidar magada, da ta taron dangi wadda ta nuna wakilin da aka zaɓa, alƙali ya tabbatar da ita.

Wakilin nan ba mai dukiya ba ne, mai tsaro ne. Rabon marayu ƙanana ba jarinsa ba ne. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umurnin a miƙa musu abinsu gaban shaidu in sun yi hankali.

Shawararmu ga iyaye: tun muna da rai mu rubuta wa muke bi, wa ke binmu, me muka ajiye a ina, mu sa mutum biyu su shaida. Allah ya sa mu cika da kyau.