Duwatsu Ne Suka Tura Girkawa Teku

Ƙasar Girka tana kudu maso gabashin Turai, a bakin Bahar Rum. Kashi huɗu cikin biyar nata duwatsu ne, mafi tsawonsu kuwa shi ne Olimfus, mai mita 2,917. Saboda haka filin noma kaɗan ne, galibi zaitun da inabi ke jure wa gangaren duwatsun.

Da hatsi ya kasa wadatar da jama'a, tun zamanin dā sai Girkawa suka fuskanci tekun da ta kewaye su ta fuska uku, tsibiransu suka zame musu zango. Har yau attajiran Girka suna sahun gaba wajen mallakar jiragen ruwan fatauci a duniya, babbar tasharsu kuwa ita ce Firayus, kusa da Atina.