Lambun Bayan Gida: Ku San Ƙwaron Kafin Ku Sayi Magani

A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan lambun bayan gida, domin a duk zaman da muka yi da Zumuntar Mata da matasa a yankin Gayam, tambaya ɗaya ce ke dawowa: wane magani za mu saya wa tumatir da albasa?

Kowa ya san abin da ya sa lambu ya zama abin magana a ƙasar Birnin Gwari. An yi shekaru manomi yana tsoron zuwa gonarsa ta bakin daji, wasu ma sai sun biya kuɗi kafin su girbe abin da suka noma. A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindiga, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Sai dai wanda aka kwashe wa shanun huɗa ko ya bar garinsu, sulhu bai mayar masa da dukiyarsa ba. Ga irin wannan gida, fangali huɗu ko biyar na alayyafo da albasa da tumatir kusa da rijiya shi ne kuɗin cefane, wani lokaci har da na littafin yara. Idan ƙwari suka cinye shi, an koma miyar kuka babu mahaɗi.

Amsarmu ga tambayar ita ce, a rage saurin zuwa shagon magani. Yawancin aikin kare lambu ana gama shi ne tun kafin a ɗauki famfon feshi.

Babban maɓarnaci a lambun gida ba shi da fiffike. Akuya ce, sai kaji. Wanda bai kewaye lambunsa da darni ko zana ba, kada ya zargi tsutsa. Bayan shinge sai ido. A shiga lambu da sassafe, aƙalla sau uku a mako, a juya ganye a duba bayansa, domin nan ne darɓa da farin ƙuda da ƙwayayen tsutsa suke zama. A ƙaramin lambu hannu ya isa ya yi rabin aikin: a tsince tsutsa, a murje darɓa, a tuge tumatir ɗin da ganyensa ya nannaɗe ya tsumbure, don wannan cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, kuma babu feshin da ke warkar da ita. Ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa kuwa, a barbaɗa musu toka da safe tun raɓa ba ta bushe ba.

Ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Zanzaro yana kwasar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka ya ajiye wa 'ya'yansa. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da kwaɗo duk ƙwari suke ci. Ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi, darɓa ce abincinsa. Feshi mai ƙarfi yana kashe su tare da masu ɓarnar, kuma masu ɓarnar sun fi su saurin hayayyafa, shi ya sa wasu ke ganin ƙwari sun ƙaru bayan sun yi feshi.

Tsutsar tumatir

Wadda ta fi ba mutane tsoro ita ce tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuma suka sa mata suna Sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. A 2016 ta yi wa tumatir ɗin Arewa ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta kuma sake tashi da ƙarfi a 2023.

Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, wanda ke yawo da dare. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai fiye da 200. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda ganye ta shige tsakiyarsa, tana ci daga ciki, sai ka ga wani farin tabo a ganyen kamar an ƙona shi. Ka ɗaga ganyen ka duba ta hasken rana, za ka gan ta a ciki tare da baƙin kashinta. Wannan ne dalilin da ya sa feshi ba ya cika kama ta: maganin yana waje, ita tana ciki. Ƙari a kan haka, ta riga ta saba da magunguna da yawa da ake sayarwa. A lokacin zafi, cikin wata guda ko ƙasa da haka ƙwai ya zama uwa, saboda haka daga Maris zuwa Mayu ne ta fi ƙarfi.

Abin da ke aiki a lambun gida shi ne a riga ta. A dasa tumatir da wuri, cikin Oktoba ko Nuwamba, don a ci mafi yawan amfaninsa cikin sanyin hunturu. Duk ganyen da aka ga tabo a cire shi, a ƙulle cikin leda a bar shi a rana, ko a binne shi da zurfi. Kada a jefar a gefen lambu, domin tsutsar za ta fito ta koma. Da dare a ɗora ƙaramar fitila mai caji a kan roba mai ruwa da ɗan sabulu, uwayen za su zo wajen haske su faɗa ciki. Idan an gama ɗibar tumatir, a tuge karan a ƙone. Sannan kada a maimaita tumatir a fangali ɗaya, kada kuma a bi shi da gauta ko tattasai ko attaruhu, don dangi ɗaya ne. A sa albasa ko masara a wurin. Wannan juyi yana kuma rage tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli har shuka ta riƙa yaushi ko da an ba ta ruwa.

Ruwan dogon yaro

Idan har sai an yi feshi, magani yana tsakar gida. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, ƙarfinsa ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yansa, ganyen yana biye. A tattara 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke naman, a shanya a inuwa har su bushe sarai. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A fasa a fitar da ƙwayar ciki, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. Da gari ya waye a tace da tsumma, a narka ɗan guntun sabulun wanki a ciki don ruwan ya kama ganye. Wanda ba shi da famfo ya yi amfani da tsintsiya, amma ya tabbata ruwan ya taɓa bayan ganye.

Ku lura da abu biyu. A yi feshin da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a haɗa sabo kowane lokaci. Na biyu, dogon yaro ba ya zubar da ƙwaro nan take. Yana hana shi cin abinci, yana hana tsutsa girma, sai ta mutu bayan kwanaki. Mutane da yawa sukan fesa sau ɗaya, su ga tsutsa tana motsi washegari, su ce bai yi ba. A maimaita kowane mako, tun ƙwarin ba su yi yawa ba.

Game da maganin kasuwa, ba mu ce haramun ne ba, amma lambun da ake tsinkar ganyensa kullum a sa a tukunya ba wurinsa ba ne. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a ci abin da aka fesa wa, a rubuce a jikin kwalba, kuma mai miyar yau ba ta da wannan haƙurin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da ire-irensa a kasuwa saboda yadda ake amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Kada a fesa shi a kan ganyen miya. Kwalbar kowane magani da ta ƙare a huda ta a binne. Kada a zuba mata manja ko ruwan sha, komai wankin da aka yi mata.

Albasa da furenta

Albasa ta cancanci fangali a kowane gida. Ana cin lawashinta tun tana ƙarama, ana shanya shi a yi gabu, ita kanta kuma tana ajiyuwa har lokacin da ta yi tsada. (Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a Littafin Ƙidaya sura 11, albasa da tafarnuwa suna cikin abin da Isra'ilawa suka yi kewa a jeji.) A yafa irin cikin Satumba ko Oktoba, a dasa bayan mako shida zuwa takwas, da tazarar kamar santimita 10 zuwa 15. A yi amfani da takin da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Maƙiyinta wani ƙwaro ne siriri, da ƙyar ido ke ganinsa, yana ɓuya a wuyan albasa inda ganye ke fitowa. Yana tsotse ganyen har ya yi fari-fari kamar an zuba masa toka, bakinsa ya bushe. Shi ma ɗan zafi ne, daga Fabrairu yake yawaita. Albasar da aka dasa cikin Nuwamba ta riga ta yi kai kafin ya iso, wadda aka dasa cikin Janairu kuwa a bakinsa take tashi. Idan ya shigo, a zuba ruwan dogon yaro ya gangara cikin wuyan, kada kuma a bar fangalin ya yi ƙishi. Idan wuyan albasa ya fara kwanciya, a daina ban ruwa kamar mako biyu kafin a cire, a shanya a inuwa mai iska har wuyan ya bushe. Albasar da aka ajiye da ɗanyen wuya ita ce ke ruɓewa.

Abin da mutane da yawa ba su gwada ba shi ne fitar da iri da kansu. Albasa ba ta cika yin fure a shukar farko ba, sai an mayar da kanta ƙasa. A zaɓi manya masu kyau, masu siririn wuya, waɗanda suka jure ajiya ba su ruɓe ba, a sake shuka su a farkon hunturu. Sanyi ne ke sa su fitar da dogon kara mai farin fure a dunƙule. Ƙudan zuma da ƙudaje ne ke haɗa furen ya yi 'ya'ya, saboda haka da zarar fure ya buɗe a ajiye famfo. Albasa 20 ta isa ta ba gida iri har a sam wa maƙwabta. Amma idan irin da kuka fara da shi na gwangwani ne mai alamar F1, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba. A nemi albasar gida.

Tun da muna maganar fure, a ja kunnen yara game da albasar kwaɗi, wadda ke fitar da babban fure fari da ratsin ja a fadama idan ruwa ya sauka. Tana da kyau a dasa ta a harabar majami'a ko makaranta, amma kanta yana da dafi, kada a ajiye shi kusa da albasar ci.

Idan kan furen albasa ya fara tsagewa har ana ganin baƙin iri, a yanke shi da ɗan kara, a shanya a kan tabarma a inuwa, a murje a sheƙe. A zuba cikin kwalba mai murfi tare da ɗan toka busasshe, a ajiye a wuri mai sanyi. Irin albasa ba ya daɗewa, bayan shekara ɗaya ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Kafin lokacin yafi, a ƙirga ƙwaya 20 a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 10. Idan 14 ko fiye suka tsiro, irin yana da kyau. Idan ba su kai 10 ba, a nemi wani tun Satumba bai wuce ba.