Bugun Kai da Maganin "Tsatsar Ƙwaƙwalwa": Abin da Na Koya a Jinyar Ƙanena

Ran da ƙanena ya faɗo daga kan ɗan acaɓa a hanyar kasuwar Dantokpa a Kwatano, da ƙafarsa ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ce ba komai. Bayan la'asar sai amai. Kafin magariba ya fara kiran sunayen mutanen da muka baro a gida. Muka garzaya asibiti, hoton kai ya nuna jini ya ɗan taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa.

Kwananmu biyu a asibiti sai ga wani maƙwabcin rumfa ya zo dubiya da kwalbar kafso. Ya ce, "Alhaji, wannan antioksidan ne, yana wanke ƙwaƙwalwa tas. Jaka talatin kacal." Wallahi har na sa hannu a aljihu, sai na ce bari dai in ji ta bakin likita.

Likitan ya ce bugun kai rauni biyu ne. Na farko shi ne na lokacin faɗuwar. Na biyu kuwa a hankali yake zuwa, cikin awoyi da kwanaki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, ga ta da yawan kitse. In ta bugu, ƙwayoyinta sai su riƙa fitar da wasu sinadarai masu cin kitsen bangon ƙwayoyin, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Ƙarfen da ke cikin jinin da ya zuba kuma yana ƙara rura abin. Aikin antioksidan shi ne kashe kaifin sinadaran nan.

Na ce, "To likita, ai maganar maƙwabcina ta fito ke nan." Ya girgiza kai. Ya ce abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ya yi a jikin mutum ba. A shekarun 1990 an gwada wani magani mai suna tirilazad a kan ɗaruruwan masu raunin kai, bai nuna amfanin da aka sa rai ba. Wanda ya ɗan ba da fata shi ne NAC, maganin da ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da kima. A wani bincike da aka wallafa a 2013 kan sojojin Amurka 81 a Iraki, waɗanda suka samu shi cikin awa 24 sun fi saurin rabuwa da jiri da ciwon kai. Sai dai rauninsu mara tsanani ne, adadinsu kuma kaɗan. Har yau babu antioksidan da ya zama tabbataccen maganin raunin ƙwaƙwalwa, balle kafson da ake yawo da shi a jaka.

Abin da ke ceton rai, in ji shi, shi ne isa asibiti da wuri, wadatar oksijin, hana jini ya faɗi ƙasa, da tiyata in ta kama. Akwai kuma allurar tsayar da jini, tiraneksamik, wadda wani babban gwaji na 2019 ya nuna tana rage mace-mace in an yi ta cikin awa 3 ga wanda rauninsa bai kai matuƙa ba. Mu da muka zauna har magariba, mun riga mun wuce wannan lokacin.

Jaka talatin ɗin nan ita ta tallafa mana wajen hoton kai na biyu. Alhamdu lillahi, ƙanena ya koma rumfa, ko da yake har yanzu lissafi mai tsawo na gajiyar da shi.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, in wani ya bugu a ka, ko da ya miƙe yana dariya, a sa masa ido. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ruɗewa, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne ko hanci: a nufi asibiti nan take. Kada a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini. Ni dai yanzu ko nan da bakin titi za ni a babur, sai da hular kwano.