Yadda ƙananan ƙungiyoyin agaji na 'yan Najeriya a Birtaniya za su samu masu aikin sa-kai

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna ƙetare na turo kimanin dala biliyan 20 gida a kowace shekara. Akasarin kuɗin na shiga hannun iyalai ne kai-tsaye, amma akwai ƙananan ƙungiyoyi a birane irin su Landan da ke tara gudummawa domin haƙa rijiyoyin burtsatse ko biyan kuɗin makarantar marayu a gida.

Da yawa daga cikinsu mutum uku ko huɗu ne ke ɗauke da nauyinsu. Ranar da ɗaya ya sauya gari, sai aiki ya tsaya cak.

Kiran "a zo a taimaka" ba ya cika kawo kowa, domin mai aikin dare a asibiti ba ya ɗaukar alkawarin da bai san iyakarsa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne a fayyace buƙata: akanta da zai duba lissafi na awa biyu a wata, ko matashiyar da za ta kula da shafin Facebook. Gara a tunkari mutum ido da ido, bayan sallar Juma'a ko taron coci, da a jefa saƙo a zauren WhatsApp inda mutanen jiya ne dai za su karanta.

Ɗalibai ma na da amfani ƙwarai, musamman idan za a ba su takardar shaidar aiki, sai dai wajibi ne su duba sharuɗɗan bizarsu tukuna. Wanda kuma zai yi hulɗa da yara yana buƙatar tantancewar hukumar DBS, wadda ba ta karɓar kuɗi a kan masu aikin sa-kai.

Batun yin suna kuwa, da rajista yake farawa. A Ingila da Wales, doka ta wajabta wa ƙungiyar agaji yin rajista da hukumar da ke kula da su da zarar kuɗin shigarta ya haura fam 5,000 a shekara. Wasu na kallon hakan a matsayin wahala, alhali lambar rajista ce ke kwantar wa baƙo hankali. Idan hukumar haraji ta amince da ƙungiya, tsarin Gift Aid na ƙara mata kashi 25 cikin ɗari a kan gudummawar mai biyan haraji, yayin da Google ke bai wa ƙungiyoyin da suka cancanta tallan kyauta na har dala 10,000 a wata.

Ranar 25 ga Yuli, wadda hukumar NiDCOM ke bikin 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da 5 ga Disamba, ranar masu aikin sa-kai ta duniya, lokuta ne da suka dace a fitar da rahoton abin da aka tara da inda aka kashe shi. Kafin a tura kuɗi kuma, a tabbatar abokiyar aiki a Najeriya na da rajista da CAC da SCUML.